Uwar Tsami: Yadda Za Ku Raya Yis Ɗinku Na Gida A Ƙasar Zafi

 

Yau kicin za mu shiga. Maganar da za mu yi a kan wani abu ne da wataƙila kun sha cin karo da shi a TikTok ko Instagram: a nuno kwalba da wani farin kwaɓi a ciki yana kumfa, daga baya a nuno burodi mai ɓawo ya fito daga oba yana tiriri. Turawa suna ce masa sawado, wato kwaɓi mai tsami. Burodi ne da ake yi ba tare da yis ɗin kanti ba. Abin da yake tayar da shi shi ne wancan kwaɓin na cikin kwalba, wanda mu a nan za mu kira shi uwar tsami, tunda daga jikinta ake ɗiba a haifi kowane burodi.

Mutane da yawa sun gwada, sun bi bidiyo sau da ƙafa, ƙarshe suka yi asarar fulawa suka haƙura. Kuma kun san fulawa yanzu ba abin wasa ba ce. Matsalar yawanci ba daga hannunku take ba. Masu waɗannan bidiyoyin suna zaune ne a Landan ko Toronto, inda kicin ɗinsu yake wajen digiri 20 zuwa 22. Kai kuma kana Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, zafi yana taɓa digiri 40. Lissafinsu na awa ba zai taɓa zama naka ba. Don haka abu ɗaya nake so ku riƙe daga shirin yau: uwar tsami abu ce mai rai, kuma da ido ake kiwonta. Ita za ku riƙa kallo, ku bar agogo ya huta.

To, mene ne a cikin kwalbar nan? Gari ne da ruwa, shi ke nan. Amma a jikin kowace ƙwayar hatsi akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, kuma suna biyo garin har bayan niƙa. Da zarar ruwa ya taɓa garin, sai su farka su fara ci. Kashi biyu ne suke mana aiki. Na farko yis ne na daji, ɗan'uwan wanda kuke saya a leda. Shi yake cin sukarin da ke cikin garin ya fitar da iska, iskar ce take kumbura kwaɓi. Na biyu bakteriya ne masu kawo tsami, dangin waɗanda suke mayar da madara nono. Su suke ba burodin ɗanɗanonsa, kuma tsamin da suke fitarwa shi ne garkuwar kwalbar, don yawancin ƙwayoyin da suke ɓata abinci ba sa iya rayuwa a cikinsa. A uwar tsami da ta kafu, bakteriyan nan sukan ninka yis yawa kamar sau 100. Kun ga ke nan gida ɗaya ne da maƙwabta biyu, kowa yana amfanar ɗan'uwansa.

Idan kun lura, wannan ba baƙon ilimi ba ne a wajenmu. Mai yin kindirmo tana dafa madara, ta bari ta huce, ta zuba ɗan tsohon nono a ciki, ta rufe ƙwarya, da safe ya kama. Kamun da ake dama koko da shi, tsaminsa daga ina yake? Ƙullun waina da na sinasir da ake bari su kwana fa? Duk aikin waɗannan halittun ne. 'Yan'uwanmu da ke Sudan sun san kisra, wadda ake yi da garin dawa, ana rage ɗan ƙullun yau don a tayar da na gobe. A Habasha ma haka suke yi wa injera. Bambancin kawai, mu yau da alkama za mu yi, kuma za mu riƙe uwar ta daɗe.

Haka duniya ta yi dubban shekaru tana cin burodi, tun zamanin Masar ta dā. Yis ɗin kamfani ne ma sabon shiga. A 1857 Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa ƙananan halittu masu rai ne suke wannan aiki, sannan a 1868 kamfanin Fleischmann ya fara sayar da yis a Amurka. Duk da haka wasu ba su saki tsohuwar hanya ba. Akwai gidan burodi na Boudin a birnin San Faransisko da aka buɗe a 1849, kuma sun ce har gobe da zuriyar uwar tsaminsu ta farko suke aiki. A ƙasar Beljiyam, a wani gari St. Vith, har ɗakin adana uwar tsami aka buɗe a 2013, ana tara su daga ƙasashe daban-daban ana ciyar da su. Sai kuma zaman kullen korona na 2020 ya zo, mutane suna gida, yis ya yi wuyar samu a wasu ƙasashen, abin ya dawo yayi.

Yauwa, mu zo kan aiki. Me ake buƙata? Kwalba mai faɗin baki wadda ake ganin cikinta, irin kwalbar Bama da ta ƙare, a wanke ta tas. Cokali. Robar ɗaure kuɗi guda ɗaya. Gari da ruwa.

Maganar gari, a nan muna da sa'a. Garin da ya fi saurin kamawa shi ne garin alkama da dusarsa, irin wanda ake kai wa inji a niƙo don funkaso ko alkubus. Alkamar da ake nomawa da rani a Kadawa ko Haɗeja ta wadatar. Dalili kuwa, yawancin halittun nan a jikin dusa suke, kuma abincinsu ya fi yawa a can. Farar fulawa ma tana yi, sai dai takan ɗauki lokaci. Shawarata, ku fara da garin alkama, idan ta kafu sai ku koma fulawa ko ku riƙa haɗa su rabi da rabi.

Ruwa kuma, duk wanda za ku iya sha ya yi: na burtsatse, na leda, na rijiya mai tsabta. Idan na famfo ne kuma kuna jin warin magani a ciki, ku tara a buɗaɗɗen mazubi ya kwana kafin ku yi amfani da shi. Kada ku sa ruwan zafi, kashe su zai yi.

Awo fa? Ƙa'idar ita ce nauyin gari daidai da nauyin ruwa. Mai sikeli, giram 30 na gari da giram 30 na ruwa. Wanda ba shi da sikeli, ku sani ruwa ya fi gari nauyi kusan ninki biyu, don haka duk cokali biyu na gari, cokali ɗaya na ruwa. Wannan wajen mutane suke zamewa, su zuba kofi ɗaya na gari da kofi ɗaya na ruwa, abu ya fito tsululu kamar kunu, iska ta riƙa ficewa ba tare da ya kumbura ba, su ce bai yi ba.

Ranar farko: gari cokali huɗu na cin abinci, ruwa cokali biyu. Ku juya har babu busasshen gari, kaurinsa ya ɗan fi ƙullun fanke. Ku goge gefen kwalbar, ku ɗora murfi ba tare da kun ɗaure shi tamau ba, don iska tana buƙatar hanyar fita. Ku zagaya robar nan a jikin kwalbar daidai inda kwaɓin ya tsaya, ita ce ma'auninku. Ku ajiye a inuwa, nesa da murhu da taga mai rana.

Rana ta biyu da ta uku: ku kwashe rabi ku zubar, ku ƙara gari cokali biyu da ruwa cokali ɗaya, ku juya, ku gyara robar. Sau ɗaya a rana ya isa.

A nan akwai tarko, ku saurara da kyau. A kwana na biyu ko na uku, musamman da zafi, za ku iya ganin abin ya kumbura sosai, kumfa ko'ina, ga wani wari mara daɗi kamar na safa ko ruɓaɓɓen cuku. Sai murna, an yi nasara. Washegari kuma sai ya kwanta shiru, kwana biyu, kwana uku, ko motsi babu. A nan ne yawancin mutane suke cewa ta mutu, su juye a bola. Ba ta mutu ba. Wancan tashin na farko wasu bakteriya ne na daban suka yi shi, 'yan share fage. Da tsami ya ƙaru sai su ja baya, kuma a cikin wannan shirun ne yis na gaskiya yake taruwa. Ku ci gaba da ciyarwa kawai. Mai haƙuri ai shi yake dafa dutse.

Daga rana ta huɗu: ku rage cokali ɗaya kacal a kwalbar, ku ba ta gari cokali huɗu da ruwa cokali biyu. Idan ta fara nuna motsi kuma garin da zafi, ku koma sau biyu a rana, safe da dare. Idan har yanzu shiru take, ku tsaya a sau ɗaya, kada ku yi ta dilmiyar da 'yan halittun da suka fara taruwa.

Na san tambayar da ke bakinku: wannan zubarwar ba almubazzaranci ba ne? Ku yi lissafi. Idan ba ku rage ba, kullum bakin da za ku ciyar ninkuwa yake, cikin mako guda sai kun nemi bokiti da buhun fulawa. Ragewar ita ce tattalin. Kuma shi ya sa na ce ku yi da cokali. Da wannan awon, kwana goman farko gaba ɗaya wajen rabin kilo na gari za su ci. Na makon farko dai a zubar, tunda ba ta gama tsarkaka ba. Amma da zarar ta kafu, ragowar ba ta zuwa bola. Ku zuba a ƙullun fanke, ko funkaso, ko wainar fulawa, za ku ji ɗanɗano ya canza. A dafa dai, kada a ci ɗanye.

Yaya za ku gane ta kafu? Alama uku. Na ɗaya, bayan kun ciyar da ita tana ninka tsayinta daga inda robar take, cikin awa huɗu zuwa takwas, da zafi ma ƙasa da haka. Na biyu, ta yi hakan kwana biyu ko uku a jere, ba sau ɗaya ba. Na uku, warin nan ya tafi, ƙamshi ya koma kamar na kindirmo ko ƙullun waina mai kyau. Yawanci tsakanin mako ɗaya zuwa biyu ake kaiwa nan. Za ku ga ana cewa a jefa cokali ɗaya cikin ruwa, idan ya taso sama ta yi. Gwajin yana taimakawa, amma ba kullum yake faɗin gaskiya ba, musamman da garin alkama mai dusa. Robar ta fi shi amana.

Yanzu babbar magana, wato riƙe ta a yanayinmu. Ku kalli rayuwarta kamar tudu. An ciyar da ita, ta fara hawa, ta kai ƙololuwa, samanta ya yi tozo, sannan ta fara sauka ta bar sawu a jikin kwalba. Lokacin da take ƙololuwa shi ne lokacin ɗiba a yi burodi, kuma daga nan zuwa fara saukarta shi ne lokacin ciyarwa. Yanayin da ta fi so digiri 24 zuwa 27 ne. Idan zafi ya haura 35, yis yana galabaita, tsami ya yi yawa, kwaɓin ya saki ya zama ruwa-ruwa. Idan kun bi bidiyon da ya ce sau ɗaya a awa 24 a watan Afrilu, to ta cinye abincinta tun awa uku ko huɗu na farko, sauran awa ashirin ɗin da yunwa ta yi su.

To me za a yi da bazara? Dabara huɗu. Ta farko, rage uwar ku ƙara abinci: ƙaramin cokalin shayi ɗaya na uwa, gari babban cokali huɗu, ruwa biyu. Baki kaɗan, abinci da yawa, zai ɗauke ta lokaci kafin ta gama. Ta biyu, ku yi amfani da ruwan randa mai sanyi. Ta uku, ku rage ruwan, ku kwaɓa ta da tauri kamar kwaɓin cincin, don mai tauri ta fi jinkirin tashi. Ɗan gishiri kaɗan, abin da yatsu biyu za su tsinta, shi ma yana rage mata gudu. Ta huɗu, ku nemi waje mafi sanyi a gidan. Gindin randa waje ne mai kyau, ko ku tsayar da kwalbar a cikin kwano mai ruwa. Akwai kuma dabarar tukunya cikin tukunya, a sa jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, wadda malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Tana aiki sosai lokacin da iska take a bushe, da damina kuma ƙarfinta yana raguwa.

Da hunturu labari yana juyawa. A Disamba da Janairu dare yana sanyi, sai ku ga ta yi nauyin jiki. Ku ba ta ruwa mai ɗan ɗumi, wanda yatsa ba zai ji zafinsa ba, ku naɗe kwalbar da tawul, ku koma ciyarwa sau ɗaya a rana idan hakan take nema. Ku kula da murfi kuma, don iskar hunturu tana busar da samanta.

Masu firij da tsayayyiyar wuta, ku kam kun huta. Ku ciyar da ita, ku bari ta yi kamar awa ɗaya a waje, ku sa a firij, sau ɗaya a mako ku fito da ita ku ciyar. Amma idan wutar unguwarku irin ta zo ta tafi ce, kada ku dogara da lissafin mako, ku riƙa leƙawa.

Ga kuma inshorar da nake so kowa ya yi: busarwa. Lokacin da take kan ganiyarta, ku ɗebi cokali biyu ku shafa siriri a kan faranti ko leda mai tsabta, ku rufe da abin tata saboda ƙuda da ƙura, ku ajiye a inuwa. Ban ce a rana ba, zafin rana zai iya kashe ta. Da hunturu kwana ɗaya ko biyu ta bushe ƙarau. Ku farfasa, ku zuba a busasshiyar kwalba ku rufe tamau. Za ta yi watanni a haka. Ranar da kuke so, ku jiƙa ta da ɗan ruwa, ku ƙara gari, ku ciyar na 'yan kwanaki, za ta farfaɗo. Ɗalibin da zai tafi makaranta, ko wadda za ta yi tafiya, ga mafita. Kuma a haka za ku iya aika wa ƙawa ko aboki a wani gari cikin ambulan.

Bari mu taɓa matsalolin da aka fi tambaya. Idan kun ga wani ruwa mai duhu ya kwanta a sama, ko kuna jin wari mai hawa kai kamar na abin goge jan farce, yunwa ce. Ku tsiyaye ruwan, ku ciyar, ku matso da lokacin ciyarwa kusa. Ruwan nan yana ɗauke da ɗan sinadarin alkohol, kuma gara ku ji daga bakina: duk inda yis ya yi aiki yana fitar da shi kaɗan, har a burodin da kuke saya a shago da fanken bakin titi, kuma mafi yawansa yana ƙonewa ya fice a wajen gashi. Hanya ɗaya ce, babu wani sabon abu a nan.

Inda babu sasanci shi ne funfuna. Idan kun ga wani abu mai gashi-gashi, kore ko baƙi ko fari, ko kuka ga launin hoda ko ruwan lemo ya ratsa kwaɓin, kada ku kwashe sama ku ci gaba. Ku zubar duka, ku wanke kwalbar da ruwan zafi, ku sake sabo ko ku jiƙa busasshiyar da kuka ajiye. Damina ce lokacin da aka fi samun wannan, don haka ku riƙa goge gefen kwalba kuna canza ta duk bayan 'yan kwanaki.

Wani zai ce, duk wannan hidimar don me, ga yis a shagon unguwa? Tambaya ce mai kyau. Na farko, burodin da za ku samu abu uku ne kawai a cikinsa: gari, ruwa, gishiri. Kun san abin da kuke ci. Na biyu, tsamin yana sa ya fi jimawa kafin ya yi funfuna. Na uku, doguwar tsimawar tana rage wani sinadari da ke cikin dusa wanda yake hana jiki zuƙar ƙarfe da zinc yadda ya kamata. Amma kada a wuce gona da iri. Ba magani ba ne. Mai ciwon suga har yanzu burodi yake ci, sai ya kula da adadi. Wanda likita ya hana shi alkama, wannan ma alkama ce. Kuma ga masu neman sana'a, abu ne da ba kowane shago yake da shi ba, amma ku fara iya riƙe uwar tukuna kafin ku fara karɓar oda.

A shiri na gaba in sha Allah za mu yi burodin kansa. Don ku fara shiri, awon shi ne fulawa giram 500, ruwa giram 350, uwar tsami giram 100, gishiri giram 10. Za mu yi bayanin yadda ake tara giram 100 daga cokali ɗaya a dare guda, da yadda wanda ba shi da oba zai gasa a tukunya mai kauri a kan gas ko gawayi.

Kafin nan, aikin gida: yau ku nemo kwalba, ku kwaɓa cokali huɗu da biyu, ku sa roba. Kullum ku rubuta ƙarfe nawa kuka ciyar da ƙarfe nawa ta kai ƙololuwa. Cikin mako biyu za ku san halin taku a ɗakinku da yanayin garinku, kuma wannan ilimin babu bidiyon da zai ba ku shi. Idan ta yi shiru a kwana na huɗu, ku tuna mun yi maganar, kada ku zubar.

Mu tsaya a nan. Ku tura wa wanda kuka san yana son harkar girki.